Kibiya a Kan Sifili

Shekara goma sha tara Namadi mai gyaran rediyo ya yi yana auren Hindatu, kuma a cikinsu duka bai taɓa ɗaga murya gaban mahaifinta ba, bai taɓa tauna ko gyaɗa ɗaya a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Sunan tsohon Malam Atiku, babban malami ne a Kebbe. Saboda haka duk wani Atiku da ya kawo rediyo shagon Namadi a bakin tashar Tambuwal sai ya koma “mai sunan Malam”, ko da kwandastan mota ne mai ashar a baki.

Duk ran Juma'a Namadi kan hau babur ɗinsa ya bi jar hanyar Kebbe, ya yi salla a can, sannan ya shiga zauren Malam ya durƙusa daga gefen ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa da murya ƙasa ƙasa yadda ya kamaci suruki. Shekara bakwai abin yana tafiya daidai. Daga nan kunnen Malam ya fara nauyi, ya yi ta nauyi har ya zama ba ya jin kowa sai babban ɗansa Maccido, wanda kan kafa baki a kunnen tsohon ya kwarara magana kamar mai kiran shanu daga hayin rafi. Namadi kuwa ba shi da wannan damar. Surukin da ya yi wa uban matarsa ihu, ko da ihun “ina kwana” ne, ya gama yawo a Kebbe. Sai ya ci gaba da gaisuwarsa ƙasa ƙasa, Malam yana kallon leɓensa, in ya ga ya tsaya sai ya ce, “Madalla.”

Wata Juma'a gaisuwa ta ƙare, Malam bai sallame shi ba, guiwarsa ta hagu kuma ta fara zugi. Bai san lokacin da ya ce, da muryar gaisuwa, kai a sunkuye, “Allah gafarta Malam, guiwata ta mutu,” ba.

Malam ya ce, “Madalla.”

Daga ranar Namadi ya sami wurin magana. Mutum ne da a gida Hindatu ke riga shi ƙarasa zancensa, a shago kuma masu rediyo ke koya masa aikinsa. Amma a zauren Kebbe, daga gefen ƙofa inda almajiran ilimi manya masu gemu ba sa jiyo shi, yana da minti goma nasa na kansa kowane mako. Yakan ba Malam labarin ramukan hanya, da furfurar da ta fara fito masa a hanci, da yadda sana'a ke mutuwa. Yakan kuma yi ƙorafi a kan furar da surukarsa Inno ke aika masa ɗakin baƙi, mai tsamin da ke sa haƙoran mutum su tuna laifuffukansu. Malam yana madalla, mutanen zaure suna cewa ba a taɓa ganin suruki mai doguwar gaisuwa kamar na Tambuwal ba.

Sana'ar kuwa da gaske take mutuwa. Tun da aka ba ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa ya sayi ƙaramar rediyo mai kaset da ake ratayawa a kafaɗa, aka yi ta jefar da tsofaffin manya masu bawul, waɗannan 'yan kwalaben da ke ɗumi a cikin rediyo kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza. Namadi ya yi ta tsince su yana tarawa a ƙarƙashin benci. Ya ce wa kansa tausayinsu yake ji. Gaskiyar ita ce su kaɗai ne a shagon suka yi kama da shi.

Hindatu ce ta tayar da maganar. Tana tsince shinkafa ta ce masa, “Injiniya,” don haka take kiransa in tana son ta soke shi, “kai da kaka sa ƙarfe shi yi magana daga Landan, ka kasa sa Baba shi ji mutumin da ag gabanai?”

Wata biyu ya yi yana haɗa abin. Ya sami akwatin katako na sabulu, ya dasa bawul biyu a ciki, ya ciro makirfo daga wata matacciyar rikoda, ya sayo hedifon irin na sojoji a gwanjo, mai marufin kunne biyu kamar faifan tukunya. Da yake babu lantarki a Kebbe, sai ya jera batir ɗin tocila sittin a wani akwatin daban, ya haɗa su da waya. Boliyom kuwa, ɗan abin murɗawar nan da ake ƙara murya ko a rage, ya cire shi ne daga wata rediyo da ta girmi 'yancin kai. Ya sa masa kibiya ta gwangwani, ya rubuta lamba da farin fenti a kewaye, daga sifili zuwa goma. Ranar da ya kai, ya yi wa Maccido bayani, Maccido ya kwarara wa Malam, duk unguwa ta ji: goma ita ce ƙarshen ƙara, sifili kuma a rufe yake, ba a jin komai.

Malam ya sassauta rawani, ya kifa hedifon, ya kama kibiya ya murɗa. Har daga bakin ƙofa Namadi ya jiyo abin da ya fito, wani ƙarrr kamar ana yage sabon yadi. Idon tsohon ya kawo ruwa. Ya yi sauri ya mai da kibiya kan sifili, ya dubi mutanen zaure ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Madalla. Allah shi yi albarka.”

Tun daga ranar kibiya ba ta ƙara barin sifili ba. Malam kan sa hedifon da safe, ya kunna akwati, ya zauna da shi har la'asar, amma ba ya taɓa boliyom. Maccido ya ja Namadi gefe ya gaya masa, da irin tausayin da ya fi zagi ciwo, cewa Baba yana sawa ne kawai don kada surukinsa ya ji kunya. Shi kuma Maccido ya ci gaba da ihunsa, sai dai yanzu sai ya ɗaga marufin kunne ɗaya tukuna.

Abin ya yi wa Namadi ciwo, kuma da yake wuri ɗaya gare shi na kai ƙara, can ya kai. Kowace Juma'a sai ya saci kallon kibiya, ya gan ta kan sifili, sannan ya sunkuya ya fara. Ya gaya wa Malam cewa batir sittin ake ƙonawa don a yi wa rawani ado. Ya gaya masa cewa 'yarsa tana da bakin da ko reza ta gan shi sai ta koma kube. Ya ce guiwar dama ma ta bi sahun ta hagu. Bayan mako biyu ya tarar an shimfiɗa wani buzu mai laushi daidai inda yake durƙusawa, ya ce a ransa yau ya taki sa'a. Furar Inno kuwa, maimakon ta sassauta, sai tsaminta ya ƙaru har ta fara ɗaci. A shekarar ne kuma sunan Malam ya ƙara fita wajen sulhu. Mutane suka riƙa zuwa daga Fakku da ƙauyukan bayanta da rigimar gado da ta iyakar gona, suna komawa suna cewa tsohon kurma ne amma Allah ya buɗe masa zukatan mutane, don abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka a bakin ƙofa shi zai fara tambayarka a kai. Namadi ya ji labarin ya ce ikon Allah, ya ci gaba da harkarsa.

Ana cikin haka, a damunar 1978, takarda ta zo daga Sakkwato. Sabon gidan talabijin yana neman masu gyara da suka san bawul, don manyan injunan watsa shiri har yanzu da su suke aiki, yaran da suka fito makaranta kuma ba su taɓa riƙe ɗaya ba. An ɗauki Namadi, da gida mai famfo, da sharaɗin ya kama aiki kafin ƙarshen wata. Yana da shekara arba'in da shida, kuma wannan ne karo na farko da wani ya neme shi don abin da ya sani.

Sai dai akwai alkawari. Ranar da aka ba shi Hindatu, lokacin kunnen Malam yana jin motsin ƙadangare, tsohon ya ce masa abu ɗaya yake nema: kada a kai yarinyar nan inda, in uwarta ta aika da asuba, ba za ta iso a kan jaki kafin rana ta faɗi ba. Namadi ya ce ya ɗauka. Tambuwal ta shiga cikin awon da ƙyar. Sakkwato kuwa jaki sai ya kwana a Dogon Daji, ya sake kwana gaba.

Hindatu tana son tafiyar fiye da shi. Tana son famfo, tana son 'yarsu Ummu ta shiga sakandare. Amma ta ce ko ƙofar gida ba za ta taka ba sai Baba ya sauke alkawarin da bakinsa. Takarda ba za ta yiwu ba, don surukin da ke zuwa duk mako ya rubuto wasiƙa, raini ne. A bi ta Maccido kuma, unguwa duka za ta ji ana roƙon Malam ya janye maganarsa, kuma Malam bai taɓa janye magana a gaban jama'a ba. Ban da haka Maccido yana da halin gyara saƙo a hanya, ya rage inda bai so, ya ƙara gishiri inda ya ga dama.

Juma'a biyu Namadi ya yi yana gwajin roƙon a gaban Malam, kibiya na kan sifili. Ya tsara shi tsaf, da ayoyinsa na ladabi. A ta biyun, da ya kai ƙarshe aka ce masa madalla, sai haushi ya kama shi. Ya ƙara da cewa yanzu mota ta zo, wanda ya bar Sakkwato da hantsi zai riga mai jakin Tambuwal isowa, amma ina za a gaya wa tsohon da ya fi jakin da ya yi awon da shi taurin kai.

Malam ya ce, “Madalla.”

Da ya koma gida Hindatu ta ce masa magana ɗaya ce: abin da ke hana Baba murɗa kibiya shi ne ƙarar nan, to ya gyara ƙarar. Saura kwana tara wata ya ƙare. Ran Litinin ya je ya ɗauko akwatin, ya ce wa Maccido za a yi masa sabis.

Wannan karon ya yi niyyar yin abin da ko a Kaduna ba a yi. Tsohon boliyom zoben gawayi ne a ciki, da ɗan harshen ƙarfe da ke goga shi, kuma in gawayin ya cinye dole ya yi ƙara. Sai ya nemo wani makunni mai matakala goma sha ɗaya daga cikin tarkacensa, wanda in an murɗa yake cewa ƙas, ƙas, ya tsaya daram a kowane mataki. Ya zauna da ƙarfen dalmarsa a kan garwashi, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowanne ɗan rizista nasa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, yana riƙe su da hantsaki, tabarau a kan hanci. Kwana uku ya yi a kai. Ya ƙone yatsa biyu, ya kori mai sunan Malam guda da ya zo da rediyo. Ran Alhamis da hantsi ya gama, ya kwance bayan akwatin don ya cire tsohon ya sa sabon.

Boliyom ƙafa uku gare shi, kuma aikinsa kamar na mai ban ruwa a lambu ne. Ƙafa ɗaya ke kawo murya, ɗaya ke kai ta ga bawul, ta ukun kuma ita ce magudanar da ke zubar da wadda ba a so. In an kai kibiya sifili, murya duka ta magudanar take bi ta tafi. Namadi ya kai sukundireba ya taɓa ƙafa ta ukun, sai ta motsa. Ya sake taɓawa, ta sake motsawa. Dalmar da ya ɗiga mata wata goma sha huɗu da suka wuce tana zaune a kai, dunƙule, toka toka, ba ta taɓa kamawa ba. Magudanar a toshe take tun ranar farko.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya haɗa batir, ya kifa hedifon a kansa, ya tabbata kibiya tana kan sifili, ya kunna.

Ya ji cokalin mai shayi yana kaɗa kofi a tsallaken titi. Ya ji akuya tana tauna kwali a bayan shago. Ya ji wani yana raɗa wa wani cewa direban Jega bai da birki. A ƙarshe ya ji cikinsa da kansa yana juyawa, garau, babu ko ɗigon ƙara. A duk kewayen kibiyar, sifili ne kaɗai wurin da gawayin bai cinye ba.

Ya cire hedifon ya ajiye a hankali. Abubuwa suka fara dawo masa a jere ba tare da ya kira su ba: batir sittin da rawani, bakin reza, buzu mai laushi, furar da ta ƙara tsami, mutanen Fakku da zukatansu da aka buɗe. Jakin ne ya zo daga ƙarshe, ya tsaya, ya ƙi tafiya.

Ya rufe shago da rana tsaka ya tafi gida. Hindatu ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba, sannan ta tambaye shi ko ya faɗi wani abu a kanta. Ya ce kaɗan. Ta ce kaɗan kamar me. Ya gaya mata na rezar. Ta ce shi ya sa da salla Inno ta ja ta ɗaki ta yi mata nasiha a kan harshe, ita kuwa ta yi ta zargin matar Maccido, har yau ba sa gaisawa sosai. Da ya gaya mata na jakin sai ta ajiye muciya, ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gyale. Ya ɗauka kuka take. Da kafaɗunta suka ci gaba da rawa ya gane ba kuka ba ne.

“Ba abin dariya ba ne,” in ji shi.

“Na sani,” ta ce daga cikin gyale. “Famfona ya tafi.”

Ya yi tunanin ya aika da akwatin ta hannun direba ya ce zazzaɓi ya kama shi. Ya yi tunanin ya ce akwatin ya ƙone. Amma duk inda ya bi, ƙarshen wata yana tsaye a gabansa, alkawari kuma yana Kebbe. Da ya rasa abin yi sai ya yi abin da ya iya. Ya koma shago, ya sa sabon boliyom, ya ɗiga wa ƙafa ta uku dalma mai sheƙi, ya ja ta da filaya ya ga ko motsi ba ta yi. Ya gwada: a ɗaya raɗa, a biyar hira, a goma kasuwa, a sifili kuma shiru kamar cikin rijiya. Aiki ne da bai taɓa yin mai kyansa ba, kuma bai ji daɗin komai ba.

Ran Juma'a zauren cike yake, har da wasu baƙi uku daga Fakku da rigimar kan iyaka. Namadi ya ajiye akwatin gaban Malam, ya haɗa waya, ya ja da baya zuwa buzunsa. Bai taɓa jin buzu ya yi masa tauri haka ba. Ya yi gaisuwa, gaisuwa tsantsa, ta ƙare cikin rabin minti, har wani dattijo ya waiwayo ya dube shi ko lafiya.

Malam ya kifa hedifon. Kibiya tana kan sifili. Ya ɗan karkata kai, ya ƙwanƙwasa marufin kunne da yatsa. Ya dubi bakin wani da ke magana a gefe, ya sake ƙwanƙwasawa. Sannan ya kama kibiya ya murɗa, ƙas, ƙas, ƙas, har biyar. Zauren ya yi tsit nan take, kowa ya gyara zama, wanda ke raɗa ya haɗiye sauran. Malam ya dube su, ya ce Maccido ya kai baƙi su ci abinci, sauran kuma a dawo bayan la'asar. Namadi ya yunƙura zai bi su.

“Mai gyara shi tsaya,” in ji Malam, yana kallon akwatin. “Abin bai gyaru ba.”

A shekara goma sha tara ba su taɓa zama su biyu kaɗai ba. Malam bai dube shi ba, don shi ma yana da tasa kunyar: Hindatu 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zauna hira da mijinta. Sai ya gyara zama ya fuskanci akwatin sabulu, kamar baƙon da ya zo daga nesa.

“Akwati,” ya ce, “da can in an aje ka ga sifili kana gaya min gaskiya. Yanzu an kai ka Tambuwal an koya maka ladabi.”

 Da Namadi ya ga babu wata hanya sai shi ma ya juya ga akwatin. Ya ce akwati ya gaya wa Malam kuskuren dalma ne, mai gyaran jahili ne, bakinsa kuma ya fi hannunsa jahilci, yana neman gafara.

Malam ya yi kamar bai ji ba, ko da yake kibiya tana kan biyar. Ya ci gaba da gaya wa akwatin cewa shekara goma sha ɗaya ya yi ba ya jin muryar kowa sai ta Maccido, ita ma a kan ihu, kuma abin da Maccido ya tace. Da akwati ya zo sai ga gari duka ya dawo masa, har da abin da ba a faɗa wa malamai. Ya ce a cikin masu shigowa akwai wani mutum na ran Juma'a, mai guiwa biyu marasa lafiya, wanda ya fi gidan rediyo labari. Mutumin yana da mata mai baki.

“Bakin nan na san inda ta samo shi,” in ji Malam. “Ba wajena ba ne. Shekara arba'in da ɗaya nika zaune da asalinsa.”

Namadi ya ƙura wa buzu ido.

“Yac ce kuma na fi jakina taurin kai. Na duba maganar. Jakin ya mutu shekara tara, ni ko ga ni. Ba ta rasa gaskiya ba.” Ya ɗan yi tari. “Batun mota ma na tambaya, an ce haka na, ta fi jaki sauri. Amma akwati, alkawari da baki anka ɗauke shi, da baki a ka sauke shi. Wanda anka yi ga sifili ba roƙo ba ne, gulma ce. Kibiya tana ga biyar. Ina saurare.”

Roƙon da Namadi ya tsara Juma'a biyu, mai ayoyin ladabi, ya neme shi ya rasa. Ya fara da talabijin, ya faɗa cikin famfo, ya fito ta sakandaren Ummu, ya koma kan bawul ya yi bayanin da ba wanda ya tambaye shi, ya ce Sakkwato sau huɗu, ya ce Allah gafarta Malam sau bakwai. A ƙarshe ya ce yana roƙon a sauke masa alkawari.

“Ta sifili ta fi tsari,” in ji Malam. “Amma wagga ita tash shiga lissafi. Na sauke. Ku tafi, Allah shi tsare.”

Namadi ya fara godiya, Malam ya ɗaga hannu ya ce akwati bai gama ba. Sharaɗi biyu ne. Na farko, mutumin Juma'a ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata da labarin birni, kuma ya yi shi yadda ya saba, don ba a son sabon salo. Na biyu, a mai da wa akwati ciwonsa. Ya ce ka ga yadda zaure ya mutu da aka ji ƙas ƙas ɗin nan. In kibiya ta bar sifili ba mai ƙara faɗin gaskiya a gabansa. Ga mutanen Fakku suna jira, kuma Maccido yana da wata magana a kan gonar fadama da ya faro tun watan jiya bai kai ƙarshenta ba.

Namadi ya matso da guiwa, ya juya akwatin, ya kwance bayansa. Ga matakala goma sha ɗaya suna sheƙi, kwana uku da yatsu biyu. Ya ciro filaya daga aljihu, ya nemo ƙafa ta uku, mai dalmar da ya fi alfahari da ita a rayuwarsa, ya datse ta. Malam ya mai da kibiya ƙas ƙas har sifili, ya karkata kai, ya saurari wata kaza da ke tono a bayan katanga, fuskarsa ta saki.

Ana haka Maccido ya yi sallama ya shigo. Idonsa ya fara zuwa kan kibiya, kamar na kowa. Ya durƙusa kusa da Namadi, ya sassauta murya.

“To, Injiniya, an sha wahalar banza. Tsohon ya koma gidansa na sifili.” Ya yi murmushi wajen mahaifinsa cikin ladabi. “Ni dai da za shi sakar min fadamar nan tun yana da rai, da na sa injin ban ruwa. Amma ka san shi.”

Namadi ya ce bai san komai ba, shi mai gyara ne.

“Madalla,” in ji Malam.

Aka kai Namadi ɗakin baƙi, Inno ta aiko da fura a ƙwarya. Ya kurɓa, idonsa ya rufe da kansa, kunnuwansa suka motsa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya tuna katanga ɗaya ce tsakaninsa da makirfo, kuma shi ya san ingancin aikinsa. Ya ɗaga ƙwaryar ya shanye tas, ya ce alhamdu lillahi da ɗan ƙarfi.